Shin Dole Ne A Yi Wa Kwamfuta Fomatin Idan An Canza Madabod?

"Assalamu alaikum. Malam, ina da shagon buga takardu da zanen katin biki a kusa da Jami'ar Jos, ta ɓangaren titin Bauchi. Tun bayan wani ruwan sama mai tsawa da aka yi, kwamfutata ta tebur take ba ni wahala: wani lokaci ta tashi lafiya, wani lokaci fanka kawai ke juyawa babu hoto. Mai gyara ya ce madabod ne ya taɓu, kuma in an canza shi sai an yi fomatin an sake ɗora Windows. A cikinta akwai CorelDRAW da salon rubutu iri-iri da na daɗe ina tarawa, da direbobin firinta biyu, da manhajar da nake lissafin shago da ita. Core i5 ce ƙarni na huɗu, Windows 10 Pro. Shin akwai hanyar canza bod ɗin ba tare da na rasa waɗannan ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Abin da kake tambaya shi ne ko Windows ɗin da aka ɗora a kan wani bod (wato madabod, babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke jone da shi) zai yarda ya tashi a kan wani daban, da duk abin da ke cikinsa yadda ka bar shi. Amsar ita ce, a kan Windows 10 da 11, galibi yana yarda, kuma fomatin ba sharaɗi ba ne. Sai dai nasarar aikin ta fi rataya a kan abubuwan da aka yi kafin a kwance tsohon bod fiye da abin da za a yi bayan an ɗaura sabo, kuma tunda taka tana tashi jifa-jifa, kana da damar da mai mataccen bod ba shi da ita. Kada ka ɓata wannan damar wajen ci gaba da aiki da ita kamar babu komai.

Inda maganar mai gyaranka ta samo asali

Ba ƙarya ya yi maka ba, ilimin da ya taso da shi ne. A zamanin Windows XP da Windows 7, babbar manhajar tana kunna direban (wato 'yar manhajar da ke sarrafa na'ura) na'urar da ke karanta faifan ajiya na bod ɗin da aka ɗora ta a kai ne kawai, sauran kuma ta bar su a kashe. Da zarar an kai faifan kan bod mai wani irin tsari, sai ta rasa hanyar karanta faifan da take zaune a kansa, allo ya yi shuɗi ya nuna lambar nan 0x0000007B da duk tsohon mai gyara ya haddace. Akwai hanyoyin magance ta tun a lokacin, amma suna cin lokaci, fomatin kuwa aikin sa'a guda ne kuma kuɗinsa sananne ne, shi ya sa ya zama al'adar kasuwa.

Daga Windows 8 da ya fito a 2012 lamarin ya sauya, Windows 10 na 2015 kuma ya ƙara inganta shi. Yanzu idan manhajar ta farka ta ga kayan da ke ƙarƙashinta sun canza, takan tsaya ta nuna saƙon "Getting devices ready", ta binciko sababbin na'urorin, ta ɗauko musu direbobi daga rumbun da take tafe da shi, ta sake kunna kanta sau ɗaya ko biyu, sannan ta buɗe. A aikina na ga faifan da aka ciro daga bod na Intel ya tashi a kan na AMD ba tare da an taɓa komai ba. Saboda haka direbobi, waɗanda su ne abin tsoro a da, sun koma ƙaramar matsala. Waɗanda suka rage su ne kulle faifai, da tsarin tashi, da lasisi.

Aikin da ya kamata ka yi yau

Farko dai a kwafe faifan gaba ɗayansa, ba fayil-fayil ba. Kwafe aikinka zuwa filashi yana ceton zane-zanenka, amma ba ya ceton manhajoji da saitinsu, alhali su ne kake jin tsoron rasawa. Abin da ake bukata shi ne hoton faifan dungurungum, wanda za a iya mayar da shi yadda yake in wani abu ya lalace, kuma Clonezilla kyauta ce tana yin wannan. Shawarata kada a yi kwafin a kan bod ɗin da ke mutuwa da kansa, domin zai iya ɗaukewa a tsakiyar aiki. A ciro faifan a jona shi a wata kwamfuta mai lafiya, a kwafe, sannan a mayar.

Na biyu shi ne BitLocker, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna kuka. BitLocker yana rufe faifan da mabuɗin sirri, ya damƙa mabuɗin ga wata 'yar na'ura mai suna TPM da ke kan bod ko cikin furosesa. Kullum ka kunna kwamfuta TPM ke buɗe faifan a ɓoye, shi ya sa mutum zai yi shekaru bai san faifansa a kulle yake ba. Ranar da aka canza bod, TPM ɗin ya tafi tare da tsohon, sai shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Wanda ba shi da waɗannan lambobi ya rasa abin da ke ciki, kuma babu mai gyaran da zai fasa masa, ko a Jos ko a Banex ta Abuja ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ka buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni na Windows, da ikon mai gudanarwa ka rubuta manage-bde -status. In ya nuna faifan C a kulle, ka rubuta manage-bde -protectors -get C: ka kwafe lambobin a takarda da biro, ka kuma ɗauki hotonsu da waya. In kana shiga kwamfutar da asusun Microsoft, sau da yawa akwai kwafin mabuɗin a cikin asusun. Ana iya dakatar da kullen na ɗan lokaci, amma ni a kwamfutar shago na fi son a cire shi gaba ɗaya a mayar bayan an gama. Yana iya ɗaukar sa'o'i gwargwadon girman faifan, don haka a yi shi lokacin da janareta ko inbata ke riƙe da wuta. In taka haɗaɗɗiya ce, wato ba ta kamfani ba, mai tsohon bod, da wuya a same ta a kulle, amma dubawar minti ɗaya ce.

Da wannan akwai ɗan ƙaramin abin da ke tsayar da mutane a bakin ƙofa: lambar PIN da ake shiga Windows da ita ma takan dogara da TPM. Bayan canjin tana iya daina aiki, sai a nemi ainihin kalmar sirrin asusun, wadda da yawa sun manta tun ranar da aka buɗe musu shi. Ka tabbatar ka san ta tun yanzu.

Na uku, a Command Prompt ɗin ka rubuta msinfo32 ka duba layin "BIOS Mode". Zai nuna Legacy (tsohon tsarin tashi) ko UEFI (sabon tsari), ka rubuta abin da ka gani a takardar nan. Sannan ka shiga BIOS na tsohon bod, wato shafin saitinsa da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka duba yadda aka saita SATA, mahaɗin faifai: IDE ne, ko AHCI, ko RAID. Daga ƙarshe ka rubuta powercfg /h off kafin kashewar ƙarshe. Dalili shi ne Windows 10 ba ya mutuwa sosai idan an kashe shi; yakan adana hoton halin da yake ciki domin ya tashi da sauri, kuma wannan hoton na tsohon bod ne, ba a so ya farka da shi a kan sabo.

Wane bod za ka saya

Core i5 ƙarni na huɗu yana zama ne a soket (mazaunin furosesa a kan bod) LGA1150, da RAM nau'in DDR3, a kan bod irin su H81 da B85. In ka samo irin naka sak, ko wani mai wannan soket, furosesa da RAM ɗinka za su koma, kuma Windows kusan ba zai lura an yi wani canji ba in ban da maganar lasisi. Wannan ita ce hanya mafi araha kuma mafi ƙarancin haɗari. Aibinta shi ne yawancin irin waɗannan bod da ke kasuwa yanzu na hannu ne, don haka ka sa a buɗe murfin soket ɗin a gabanka, ka karkata shi a haske ka dubi 'yan siraran ƙusoshin da ke ciki. Ko ɗaya ya lanƙwashe yana iya hana ramin RAM guda aiki. Kada ka biya sai an kunna shi ka ga hoto. In kuma kwamfutarka ta kamfani ce irin HP ko Dell ba haɗaɗɗiya ba, da yawansu suna da mahaɗin wuta da na maɓallan gaba irin nasu na kansu, bod na gama-gari ba zai zauna ba, sai a nemi mai lambar kaya iri ɗaya da wadda ke manne a jikin tsohon.

Hanya ta biyu ita ce ka haura zuwa sabon ƙarni, wanda ke nufin sabon furosesa da sabon RAM, tunda DDR3 ba ya shiga ramin DDR4 ko DDR5. Akwai hujjar yin haka: Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma a hukumance yana bukatar TPM 2.0 da furosesa daga ƙarni na takwas na Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama, wanda naka bai kai ba. In aljihu zai ɗauka, kuɗin da za a zuba a bod mai fiye da shekara goma gara a ƙara a kai a sayi abin da zai daɗe. In bai ɗauka ba, babu laifi a gyara wannan a ci gaba da neman abinci.

Ko wanne ka zaɓa, a gwada akwatin wutar kwamfutar kafin a jona sabon bod. Tsawa ko hauhawar wuta ba ta tsallake zuwa bod haka kawai. Ta akwatin wuta take bi, ko ta wayar intanet da ke shiga bayan kwamfuta. Alamar da ka faɗa, fanka na juyawa babu hoto, akwatin wuta mai rauni ma yana kawo ta, haka RAM da bai zauna daidai ba. Ban ga kwamfutar ba, don haka ka roƙi mai gyaran ya gwada ta da wani akwatin wuta da wani RAM a gabanka kafin ka kashe kuɗin bod.

Tsarin tashi da tsarin faifai

Nan ne mafi yawan canjin da ya ƙi yake tsayawa, kuma nan ne ake yanke hukuncin fomatin ba tare da dalili ba. Windows ɗin da aka ɗora ta tsarin Legacy yana zaune a faifai mai tsohon tsarin rabon faifai, MBR, wanda aka ɗora ta UEFI kuma yana kan sabon tsarin, GPT. Misalinsa kamar wanda ya tare a sabon gida da kayansa cif, amma ya zo da makullin tsohuwar ƙofa: kaya suna nan lafiya, shiga ce ta gagara. Idan faifanka MBR ne sabon bod kuma an saita shi UEFI zalla, zai ce bai ga abin tashi ba, ko ya yi ta mayar da kai cikin BIOS. Magani mafi sauƙi shi ne a kunna saitin CSM a BIOS na sabon bod, wanda ke kwaikwayon tsohon tsari. Sai dai sababbin bod da yawa ko dai sun cire shi, ko ba ya aiki sai da katin hoto na daban.

A irin wannan hali ana juya faifan zuwa GPT ba tare da goge komai ba. Tun fitowar Windows 10 mai lamba 1703 akwai wata 'yar manhaja a ciki mai suna mbr2gpt. Ana fara rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS domin ta duba ko faifan ya cancanta, in ta amince sai a rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS. Tana ƙin faifan da ke da manyan ɓangarori fiye da uku, kuma ba ta da hanyar komawa baya, shi ya sa kwafin da na ambata ya zo farko. Bayan juyawar faifan ba zai ƙara tashi ta Legacy ba, har a tsohon bod sai an mayar da shi UEFI. Wanda bod ɗinsa ya riga ya mutu ma zai iya yin wannan daga filashin ɗora Windows, ta danna Shift da F10 domin buɗe wurin rubuta umarni.

Matsala ta biyu ita ce waccan tsohuwar 0x0000007B, wadda yanzu take fitowa da sunan INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Tana zuwa ne idan saitin SATA na sabon bod ya saɓa da na tsohon. A mayar da shi daidai da abin da ka rubuta a takarda, galibi shi ke nan. A bod na Intel daga ƙarni na 11 akwai wani saiti mai suna VMD da kan ɓoye faifan daga Windows ɗin da ba shi da direbansa. A kashe shi a BIOS. In duk da haka ya ƙi, a bar shi ya faɗi sau biyu ko uku har ya kai kansa shafin gyara, a zaɓi Safe Mode. A wannan yanayin Windows yana kunna direbobin faifai da yake da su, kuma sau da yawa tashi ɗaya a cikinsa ya isa ya gane sabon tsarin, a sake kunnawa ya buɗe yadda ya saba.

Wajen ɗaurawar kanta ba sai na tsawaita ba, mai gyaranka ya san aikinsa. Abin da zan ƙara shi ne a ɗauki hoton wayoyi kafin a cire, a goge tsohon man da ake shafa wa furosesa domin rage zafi a sa sabo, a sa sabon batirin CR2032 domin agogon da ya koma baya yana hana shafukan intanet buɗewa, kuma a tashin farko faifan Windows kaɗai za a jona. In lokacin hunturu ne, busasshiyar iskar Jos tana tara wa jiki wutar da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, ita kuwa tana iya kashe bod; a riƙa taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin a taɓa kayan ciki.

Lasisi

Windows yana ɗaukar sabon bod a matsayin sabuwar kwamfuta, don haka kada ka yi mamakin ganin rubutu a kusurwar allo yana cewa a kunna lasisi. Abin da zai biyo baya ya danganta da irin lasisin, kuma umarnin slmgr /dli zai nuna maka. In RETAIL ne, naka ne, yana bin ka: ka haɗa shi da asusun Microsoft tun kafin canji, bayan canji ka shiga sashen Activation ka kunna mai warware matsala ka zaɓi "I changed hardware on this device recently". In OEM ne, an ɗaure shi da kwamfutar da ya zo da ita, kuma tun daga Windows 8 mabuɗinsa a cikin bod ɗin yake. A ƙa'ida ba ya ƙaura zuwa wata kwamfuta, kodayake bod na kamfani da aka sayo na hannu kan zo da nasa mabuɗin a ciki, wanda zai yi aiki in nau'in ya dace, wato Pro da Pro, Home da Home. In kuwa ka ga VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar shago da ba ta ƙarƙashin wata ma'aikata, to gaskiya ba lasisi aka sayar maka ba, an kunna shi ne ta bayan gida, kuma babu abin da za a ƙaurar. Ko a wane hali, rashin lasisi ba ya goge fayil kuma ba ya hana aiki. Rubutun kusurwa ne da hana canza adon allo.

Wanda ya fi damuna a lamarinka shi ne lasisin sauran manhajojin. Da yawa daga cikin manhajojin zane da na lissafi suna gane kwamfuta ne ta lambobin kayan cikinta, don haka suna iya neman a sake kunna su ko da Windows ya tashi lafiya. Ka nemo lambobin sayensu da asusun da aka yi rajista da shi, wadda ke da zaɓin cire lasisi daga wannan na'ura kuma ka cire shi kafin canji ka mayar daga baya. Manhajar lissafin, ka fitar da kwafin bayananta ta hanyar da ita kanta ta tanada, ka kuma tambayi wanda ya saka maka ita ko tana da alaƙa da bod. Salon rubutunka da direbobin firinta ba ruwansu da bod, suna nan. Abin da kan faru shi ne firintar USB ta bayyana a matsayin kwafi na biyu saboda an jona ta a sabon rami, sai a zaɓe ta a matsayin ta kullum.

Bayan ya tashi, da inda dabarar ta tsaya

Ka sauke direbobin sabon bod daga shafin kamfanin da ya ƙera shi tun kafin ranar aiki, musamman na intanet, domin wasu sababbin bod Windows 10 bai san na'urar sadarwarsu ba, ga shi kuma sai da intanet ake sauko da direba. In an manta, a jona waya ta USB a ba kwamfutar data. A fara da direban chipset, wato na ƙwayar da ke sarrafa bod, sai na sadarwa, sai sauti da hoto, sannan a cire manhajojin kamfanin tsohon bod masu kula da fanka da sauti, domin su ne kan haddasa faɗuwa daga baya.

Akwai inda ba na ba da shawarar wannan hanya. Windows 7 a kan bod daga ƙarni na shida na Intel zuwa sama yakan tashi amma allon rubutu da linzami na USB su ƙi motsi, saboda ba shi da direban USB 3.0 a cikinsa. Faifai biyu da aka haɗa su RAID, wato suna aiki kamar guda, ta hanyar bod ba sa ƙaura daga Intel zuwa AMD. Ƙananan laftof masu ma'adanar da aka narka a jikin bod, da kwamfutocin Apple masu M1 zuwa sama, bayanansu suna tafiya tare da bod ɗin, sai dai a kwafe tun yana da rai. Mai amfani da babbar manhajar Linux maimakon Windows kuwa ya fi kowa sauƙi, tunda direbobinsa suna tafe cikin ƙwayar manhajar. Abin da kan same shi shi ne sabon bod bai san inda GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, yake ba, sai a tashi da filashi a sake rajistarsa.

Haka nan in Windows ɗinka dama yana da ciwo, yana nauyi ko ƙwayar cuta ta taɓa shi, canjin bod zai kwashe ciwon ne ya kai sabon wuri. Ko a nan akwai mataki kafin fomatin: a sauko da faifan ɗora Windows 10 mai harshe da nau'i iri ɗaya da wanda ke kai, a buɗe setup.exe daga cikin Windows ɗin yana aiki, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Wannan yana sabunta ginshiƙan babbar manhajar ya bar CorelDRAW da sauran kayanka a wurinsu. Ka riƙe kwafin faifan da tsohon bod na 'yan makonni, har ka buga aiki da firintocin biyu, ka rufe lissafin wata guda a kan sabon ba tare da ya faɗi ba, kafin ka goge ko ka sayar da wani abu.